Bashin Ƙosai

Ɗakin shirinmu na saman shagon mai facin taya,
taga ɗaya, fanka mai tari,
kwalayen ƙwai manne da bango wai su shanye ƙara.
Ba sa shanyewa. Ihun yaran mota na hawowa bene
ya zauna cikin shiri kamar mun aika masa goron gayya.

Ran Laraba na sauka da na'ura a jaka,
na iske Baba Cindo a bakin layin dogo
yana ɓare goro da farcen da ya tsufa a kan aikin.
Na ce, Baba, tarihin Agege nake nema.
Ya ce, "Tarihi na masu rawani ne, 'yata.
Mu dako muka yi."

Na dai kunna.

Ya ce can inda ake sayar da katin waya
da rumfar huhu ce, ganye jiƙe har gwiwa,
ƙanshinsa kan tarbi jirgi tun bai tsaya ba.
Ya zo Ikko da riga ɗaya
da wasiƙa zuwa ga wani kawu
da aka binne kwana uku kafin saukarsa.
Wata mai tuya ta miƙa masa ƙosai a ganye,
ba ya jin bakinta, ba ta jin nasa,
yunwa ce ta yi musu tafinta.
Ya ce akwai rijiya a bayan masallaci,
ruwanta kamar an jefa mata rake.

Daren Juma'a muka sake shi a iska.
Ba a yi minti goma ba waya ta ɗau ruri.
Iya Sikira ce, Hausarta ta fi tawa gishiri:
"Ku faɗa wa tsohon nan
rijiyar a ƙofar gidan ubana take,
kuma har yau bai biya uwata kuɗin ƙosai ba."

Sai wuta ta ɗauke.
Isiyaku na jan igiyar janareto yana tsaki,
ni ina dariya cikin duhu,
a ƙasa kuwa unguwa ta riga ta karɓi shirin,
mai shayi da mai wanki na musu a kan rijiya
da babu wanda ya taɓa shan ruwanta a cikinsu.

Ran Lahadi suka haɗu, shi da sanda, ita da lema.
Ya nuna nan, ta nuna can.
Nan ɗin siminti ne, can ɗin ma siminti,
gada ta bi ta kai, motoci na gudu a kan ruwan rake.
Ya ciro goro fari guda bakwai.
Ta ƙirga, ta ce saura riba.

Da damina ta yi tsakiya aka kai shi makwanci.
Mun maimaita shirin.
Tela Ɗanjuma ya ɗaga ƙafa daga keke har aka gama.

Akwai wurin da Baba ya yi tari mai tsawo,
a bayansa wani yaro na kiran Oshodi, Oshodi.
Isiyaku ya ce a yanke, ɓata lokaci ne.
Na ce bar shi.
Iya Sikira na saurare, ta san tarin.