Haihuwa ta Talatin da Biyu

Arequipa, ƙarfe uku na dare.
Dutsen Misti ya yi rawani da ƙanƙara,
ni kuwa ina lalube a hannun Doña Eufemia,
jijiya tana zille mini kamar tarwaɗa.
Sau ɗaya allura ta kuskure.
Kafin in buɗe baki in ba da haƙuri
mijinta ya cafki wuyan hannuna,
ya murɗe kamar mai matse wanki.
"A kira mini ungozoma ta gaske,
ba 'yar koyo ba!"
Warin giya ya fara isowa fuskata,
yawu ya biyo baya.

Mai gadi na bakin ƙofa, yana kallon ƙwallo a waya.

Na tarar da Sista Huamaní tana ƙirga ƙwayoyi.
Ta dubi shatin yatsu huɗu,
ƙirgarta ba ta ɓace ba.
"Ni haƙori na rasa a shekarata ta fari.
Ja hannun riga ki rufe, Nélida.
Saura haihuwa nawa ki cika arba'in?"
Na ce tara.
"To, sa hannuna kike nema,
ba takardar ƙorafi ba."

Ashe shiru ma gadonsa ake yi,
kamar almakashi, daga hannu zuwa hannu.

Biyar saura kwata kai ya leƙo,
cibiya ta naɗe wuya zagaye biyu.
Da hannun nan mai zogi
na zura yatsa, na warware.
Shiru.
Na murza bayanta da tawul, na murza,
sai ta callara kukan da ya tsaga ɗakin.

Uban ya shigo da hawaye shaɓe-shaɓe,
ya miƙo mini hannu,
wancan hannun dai.
Ko bai gane ni ba,
ko mantuwa ta fi masa arha.

Littafin makaranta yana da gurbin kwanan wata,
gurbin nauyin jariri,
har gurbin jinin da uwa ta zubar.
Na duba gaba, na duba baya,
ban ga inda ake rubuta ɗaliba ba.
Talatin da biyu. Mace. Kilo uku.
Sista ta rattaba hannu.

Da hantsi, a tashar mota,
Mama ta kira daga Chivay,
ita da ta sayar da tumakinta shida
don in sa farar riga.
"Yaya aiki, 'yata?"
Na mayar da wayar hannun hagu.
Na ce, "Mace aka samu, Mama.
Ta yi kuka sosai."