Gari Ba Shi da Hatimi

A majalisar Mokoyo aka ce, wai
mai babur mai caji za a rage masa lanho,
mai 'ya'ya ma haka.

Na kwana ina haɗa su da alli a bangon zaure:
babur ɗaya, ba ya shan esansi,
yara huɗu, suna shan kunu har su lashe ludayi.

Mushe Tsayabu ya sauke gilashi.
"Wa ya gaya maka?"
"Gari."
"Gari ba shi da hatimi."

Tun hantsi an ɗauke wuta.
Caji ya mutu a Bagalam.
Kalla da Dije na turi,
Ma'azu rungume da takardu,
auta na bisa, tana pi-pi da baki.

To, ga su nan, sun haɗu.