Sifili, Ɗigo, Sifili Shida

Ƙarfe tara na dare a Liverpool,
ruwa na tsiyaya a jikin taga,
shayina ya huce tun la'asar.

Shekara huɗu muna bibiyar
mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya masu amosanin jini.
Rabi sun sha ƙwayar gwaji, rabi sun sha holoƙo,
su ba su sani ba, mu ma haka.
Yau aka kwance ƙullin.

Kwamfuta ba ta jin nauyin kowa.
Ta ce: sifili, ɗigo, sifili shida.
Mujalla kuwa ƙasa da biyar take so,
nan aka ja layi tun kafin a haife ni.

Farfesa Ormerod ya leƙo da lema a hannu,
ya daɗe yana kallon allon.
“Mutum ukun nan da suka bar shan magani a tsakiya,
dole ne a ƙirga su?”
Bai ce in cire ba.
Tambaya ya ajiye, ya tafi kama jirgin ƙasa.

Na gwada, ba zan ɓoye ba.
Na ɗauke ukun,
shida ta zame ta koma huɗu,
sumul, kamar an shafa mata mai.
Gabana ya faɗi don daɗi.

Sai na tuna lamba tamanin da bakwai.
Ba a ba ni sunaye,
amma na san ita ce mai jan hula
da ke hawa bas biyu daga Bootle,
wadda ƙwayar ta sa ta amai sati uku
har ta ce ta yafe.
Amanta ma sakamako ne.

Kakata Asabe awo take yi a Funtuwa.
Mudunta na da lotsawa a gindi,
takan nuna wa mai saye kafin ta zuba.

Na mayar da ukun.
Na rubuta: kwanakin ciwo sun ragu da biyu a shekara,
ƙila har biyar, ƙila ko ɗaya,
iyakar abin da muka gani ke nan.
Ban ce “saura ƙiris” ba.
Ban ce maganin banza ba ne,
lambar ba ta faɗi haka ba.

Na tura wa Farfesa, na kashe fitila.
A bakin lif mai shara ta tambaye ni,
“An dace?”
Na ce mata, an auna.