Takardu Uku na Inna Cima

Na shiga ma'aikatar gunduma a Tawa
da takardu uku cikin leda,
duka na mace guda ne.

Ta fari ta yi ja kamar ƙasar Adar,
hatimin kumandan ya kusa gogewa,
ta ce an haifi Cima cikin sarkal.
Ta biyu ta bi ta injin bugu,
harafi ɗaya ya yi tsalle ya bar layi,
ta sa garinmu ƙarƙashin wani gari
da Inna ba ta taɓa kwana cikinsa ba.
Ta ukun fara ce fes, ɗiyar kwamfuta,
ta ba mu jiha, ta ba mu komin,
ta ɓata sunan garin da wasali ɗaya.

Malam Arzika mai ajiyar kundi
ya gyara tabarau da ya ɗaure da zare,
ya ce sai ta tabbata mace ɗaya ce
kafin gonar fadama ta zama tamu.
Ya hau kujera, ya sauko da taswira
daga saman kabad, inda jemage ke ajiyar kashi.
Muka shimfiɗa ta ƙasa,
muka danne kusurwoyi da takalmanmu.

Ga layin shuɗi, na Nasara.
Ga na jan biro, bayan an sauke tuta an ɗaga wata.
Ga wani da fensir, mai shi bai gama shawara ba.
Gara ma ta yi nata rabon:
ta cinye kanton guda har da sarkinsa,
ta bar rami inda dutsenmu yake.

Ya bi jan layin da farcensa
har ya tsaya kan Rijiyar Nomau.
Nan ne, in ji shi, iyaka ta ratsa.
Na ce na sani.
Bakin rijiyar ya rushe shekara shida,
gabas na cewa ta yamma ce,
yamma na cewa ta gabas ce,
amma ranar haraji
kowa ya san hanyar gidanmu.

Da dare na koma na tarar da ita
tana ɓare wake cikin ƙwarya.
Na ce, Inna, an ce kin yi ƙaura sau uku.
Ta ce, ni? Yaushe?
Cibiyata tana ƙarƙashin gawon can.
Ɗakin nan sau huɗu ana sāke mai jinka,
ƙofa ba ta taɓa barin kudu ba.
Sai dai in gari ne ka tahiya da dare
shi komo kahin asuba.

Sannan ta zana mini tata da tsinke.
Nan muke kai albasa.
Nan muke sayen kanwa in Buzaye sun sauko.
Nan aka kai Zuwaira, nan ta rasu.
Wannan ƙauye ba mu cin kasuwarsu
tun rigimar raƙumin Shifkau,
amma in sun yi mutuwa muna zuwa.
Kaza ta bi ta kai, ta share rabin ƙasar.
Inna ba ta kore ta ba.

Ranar Litinin na koma wurin Malam Arzika
da shaidu biyu, dukansu sun fi takardun tsufa.
Ya saurara, ya lashi yatsa, ya buɗe sabon shafi.
Wurin haihuwa? Ya tsaya da biro a sama.
Fanka na juyawa, ba ta kawo iska.
Ya ce gurbin ƙarami ne, ba ya ɗaukar gawo.
Ya rubuta sunan komin, da kuskuren wasalin,
don ya dace da na kwamfuta.

Na biya dala arba'in na tambur.
Yanzu takardun Inna huɗu ne.