Kwali Ya Riga Ni Magana

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe ƙofar nan
a wani lungu mai gangara cikin birnin Porto,
inda sanyin kogi ke hawowa da asuba
ya gamu da ƙamshin busasshen kifi mai gishiri.

Marigayi Abílio, mijina, a ka yake ajiye farashi.
Takalminka yake fara duba kafin ya buɗe baki:
baƙo mai kyamara, sha biyu;
maƙwabci, tara;
wanda ya taɓa ɓata masa rai, sai abin da ya gani.
Yakan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Na gaji kantin, na gaji idon.

Bara Telmo, ɗan ƙanwata, ya zo da dabara.
Man zaitun da ke yuro tara ran Litinin
ya kwana ya tashi sha uku.
Ran Juma'a muka ja masa jan layi,
muka rubuta: RANGWAME, GOMA KACAL.
Kwalba arba'in ta tafi kafin rana ta karkata.
Na ƙirga cinikin sau biyu, barci bai zo da wuri ba.

Ran Talata ana yayyafi ta shigo,
lemarta na ɗiga a kan daɓena,
katin hukuma rataye a wuyanta: Noémia Valadares.
Ba ta ɗaga murya ba.
"Nawa ne mafi arhar da kika sayar da man nan
cikin kwana talatin da suka wuce?
Shi ya kamata mai saye ya gani kusa da jan layin.
Cukun nan fa, nawa ne kilo?
Gwangwanin kifin can, haraji yana ciki,
ko sai an zo biya zai fito
kamar kunama daga ƙarƙashin dutse?"

Na ce, 'yar nan, kowa a unguwar nan ya san ni.
Mai son sani ya tambaya, bakina ba ya ciwo.

Ta rufe littafinta.
"Ni ma na san ki, Dona Graciete.
A hawa na uku muka zauna, can kan kwana.
Uwata takan tsaya a bakin tagar nan,
hannu cikin aljihu, tana ƙirga sulalla da yatsu.
Ba ta taɓa shigowa ba.
Ba tsada ta kore ta ba, ai ba ta ma san ko da tsada ba.
Tambayar ce ta fi ƙarfinta:
a faɗa maka kuɗi a gaban mutane,
ka ce bari in dawo,
alhali kowa ya san babu dawowa."

Ta rubuta mini tara. Ban yi gardama ba.
Takardar na nan bayan sikeli, har ta soma koɗewa.

A daren na yanka kwali ɗari biyu da sha bakwai.
Kowane kaya da kuɗinsa a goshi,
na kilo, na lita, haraji a ciki.
Yatsuna suka yi tsami.
Telmo ya ce mun tona wa kanmu asiri,
mai kantin ƙetaren titi zai karanta, ya rage kaɗan,
ya kwashe mana mutane.
Ya kuwa rage. Wasu sun tafi, har da masu ce mini gwaggo.

Amma jiya wani tsoho mai hular ulu, ban san sunansa ba,
ya tsaya a bakin tagar,
ya karanta, leɓɓansa na motsi,
ya buɗe tafin hannu ya duba,
ya turo ƙofa, kafaɗa a miƙe.
"Rabin kilo na wake."
Ya ajiye kuɗin cif, ba ragi, ba ƙari.

Ban dubi takalminsa ba.
To, na ɗan duba, hali zanen dutse.
Sai dai duban bai ƙara masa ko sisi ba:
kwali ya riga ni magana.