Sarƙa Ta Zame a Sakumono

Likita ya ce jinina ya hau.
Ya ce, Malam Dantani, ko ka motsa, ko a motsa da kai.
Shekara talatin ina taka keken ɗinki a Nima,
ƙafata ta yi tafiyar da za ta kai Makka ta dawo,
ni kuwa ko lungunmu ban bari ba.

Sai na sauko da keken yayana Gambo daga rataye,
wanda tun rasuwarsa gizo-gizo ke haya a tayarsa.
Na sa masa mai, na ba shi iska.
Ƙararrawar ta yi tari sau biyu, ta tuna muryarta.

Lahadi, ana sallame asuba, na hau.
Akkara ba ta gama miƙa ba.
Mai koko na hura wuta, ƙosai bai faɗa mai ba tukuna.
La, Teshi, Nunguwa,
na ja su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi.

Bayan Nunguwa gari ya saki rigata.
Dama teku, mai wankin da ba ta gajiya,
tana bugu, tana shanya farin kumfa a yashi.
Can nesa jiragen Tema sun yi layi, suna jiran a ce su shigo.
Hagu tafki, ya kwanta lumui
kamar wanda aka biya shi tsohon bashi.

Na bar kwalta, na bi wata siririyar hanya
da ƙafafun masunta suka ɗinka a cikin ciyawa.
Babu oda, babu hayaƙi.
Sai ƙis-ƙis ɗin feda, da numfashina,
da ƙaguwa na gudu a karkace tana shigewa rami.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai ko dube ni ba.

Nan sarƙa ta zame.

Ina durƙushe, hannu duk baƙin mai,
wata mata ta fito daga ciyawa da takalmin roba,
madubin hangen nesa a wuya, littafi a hammata.
Okailey sunanta. Ƙidayar tsuntsaye take yi.
Hausarta ta kasuwar Malata ce, mai ɗingishi, amma tana isa inda za ta.
Ta ce, Baba, duba nan.

Na duba. Wani ɗan tsuntsu ya faɗo cikin idona,
bai kai tafin hannu ba, ruwan toka,
yana caccakar laka kamar allurar kekena,
da zobe a ƙafarsa.
Ta ce daga arewa yake, arewar da ta wuce hamada,
kowace shekara sai ya zo, kowace shekara sai ya koma.

Na yi shiru.
Kakana ma daga arewa ya zo, da jakuna da kanwa,
ya ce goro zai saya ya juya.
Yana kwance a nan yanzu, ƙasar bakin teku ta rufe shi.
Garin da ya baro, sunansa kawai na gada.
Wannan ɗan abu, ba fasfo, ba guzuri,
wataƙila inuwarsa ta taɓa ratsa rufin gidanmu.

Ban faɗa mata ba.
Na ce, nawa kika ƙirga?
Ta ce ɗari uku da sha ɗaya, kafin ƙararrawarka ta watsa su.
Na ba ta haƙuri. Ta ce ai za su dawo.

Na mayar da sarƙa kan haƙoranta.
Rana ta ɗago, gishiri ya bushe a goshina.
A hanyar komowa iska ta tsaya mini a ƙirji,
motoci sun farka, gwiwa na kuka,
ga rigar Hajiya Ladidi na jiran hannu tun Alhamis.

Da dare na jingine keken Gambo a bakin ƙofa.
Ban mayar da shi rataye ba.
Lakar tafki na nan a tayar, ban wanke ba.