Bakwai a Kan Faifai

Na je birni neman mutanenmu a takarda.
Aka buɗe min kundi mai warin jemage,
na bi layi da yatsa har yatsa ya yi baƙi:
Sallau Zariya. Jatau Zariya. Barau Zariya.
Akawu ya tambayi kowa garinsu,
suka ce Kurmin Maɗaci, hayin Galma.
Alƙalami ya ga hanyar ta yi masa nisa,
ya yada zango a Zariya.

Sai na koma wurin Iya Kande,
wadda ba ta san ko bihim ba,
tana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu.
Ta ware ƙwaya bakwai a kan faifai,
ta ce, "Zauna. Ga kundinka nan.

Dawa ta fara ciki aka zo.
Aka ce mai gari ya ba da bakwai,
ya leƙa gidajen da ba su da baki a fada.
Ina goye da ƙanena na bi su har rafi,
daga can sai labari:
an aske su a Daffo, an ɗura su a jirgin ƙasa,
an haye ruwan da ba ya da ɗaya gaɓar,
wai Bama."

Ta ture ƙwaya uku gefe da ɗan yatsa.
"Tanimu, Maikano, da Barau ɗan wanzami.
Waɗannan ba mu ga ko hularsu ba.
Uwar Barau ta shekara goma sha ɗaya
tana rage tuwo a akushi,
kaji suka yi ƙiba da jiransa.

Jatau ya dawo da keken ɗinki,
ya kafa shi a rumfar kasuwa.
Duk rigar da ya ɗinka sai ya sa mata aljihu huɗu,
ko ta jariri ce.

Nomau ya dawo da tsoron ruwan sama.
Ka taɓa jin manomi mai gudun hadari?
Da an yi cida sai ya shige ƙarƙashin gado,
yana kiran sunayen da ba na garin nan ba.
Ya ce can ruwa ba ya ɗaukewa,
mutum na tafe, ƙafarsa na ruɓewa a takalmi.
Mu muka riƙa yi masa shuka.

Ɗanjuma bai ce uffan ba har ya mutu.
Ƙwallon mangwaro ya binne a bakin rijiya,
shi ne inuwar da kuke zama kuna gardamar ƙwallo.

Sallau kuwa, yayana,
sau tara yana taka sayyada zuwa birni neman fansho,
lambar yabo a ƙulle cikin tsumma.
A ce, Sallau Zariya goma sha biyu ne a nan,
wanne ne kai?
Ya ce, wanda ya ɗauko kyaftin a kafaɗa ya haye kogi.
A ce, ba a rubuta wannan ba.
Ran na tara ya dawo,
ya rataya wa akuyarsa lambar a wuya
don ya riƙa jin inda ta shiga."

Ta yi dariya har haƙorin nan guda ya fito,
sannan ta yi shiru.
Na ce, "Iya, a birni akwai bariki
mai sunan rundunarsu, da ƙofa, da tuta."
Ta ce, "Madalla. Ta san sunan uwar Barau?"

La'asar ta yi. Ta tattara bakwai ɗin,
ta zuba min a tafin hannu.
"Kar ka ci. Iri ne."

Ga ni nan tsaye a kan kunya,
ina rubuta sunan garinmu a bayan na kowa.